Langar da Ta Sauka a Filin Idi

Ni dai daren jiya na yi wani mafarki, kuma gara in ba ku shi tun da ɗuminsa, don na san kaina, azahar na yi zai tsiyaye. Amma sai na fara gaya muku abin da na kwanta da shi a rai, in ba haka ba za ku ce Goggo Yalwa ta fara ruɗewa.

Akwai wani shirin Turawa da ake sa wa bakin Hausa a talabijin, Ayarin Taurari. Mutane ne a cikin jirgi suna yawo a sararin sama, yau su kwana nan, gobe can, kamar fatake. Shekara da shekaru, duk Asabar bayan la'asar, ni da jikata Hindatu muke shimfiɗa tabarma mu kalla. Ni na yaye ta, a ɗakina ta yi wayo. Sunayen mutanen jirgin ba su taɓa zama a bakina ba, sai na raɗa musu nawa. Wadda na fi so wata siririya ce mai gajeren gashi, ita ke gyara injin jirgi in ya tsaya, ga ta da tsiwa. Na sa mata Delu.

To bana sai masu shirin suka ce sun yi wa Delu nata na kanta. Suka sauko da ita daga jirgi, suka ba ta ofis da ma'aikata, wai su riƙa binciken halittun da ke faɗowa daga wasu duniyoyi. Masu Bin Sawu ake ce masa. A watan nan kuma Hindatu ta samu aikin jinya a Gombe, ta ɗaure kayanta ta bar ni a Azare. Da za ta shiga mota ta ce, "Goggo, ki riƙa kallon sabon a nan, ni ma ina kallo a can, in an gama mu yi waya mu ci namansu."

Na kalli kashi na farko, na kalli na biyu. Duhu ya yi yawa. Ga wutar lantarki a ofis, amma sai su kashe su kunna tocila. Ba sa gaisawa. Ban ga wanda ya kai loma baki ba. Kullum gudu, kamar an biyo su. Jiya da Hindatu ta kira ta ce, "Ƙawata, ya kika gani?" sai na ce, "Lami ne, ba gishiri. Delu ta koma jirginsu ta huta mana, wa ya aike ta?" Sai ta ce, "Goggo, ni ma in kin ce in dawo, ƙarshen wata zan ajiye musu aikinsu." Na ce mata da safe ma yi magana.

Ga kuma langarta mai furanni a kan talabijin. Dambun nama ta aiko min a ciki ta hannun direba, girkinta na farko a sabon wuri. Na cinye dambun, shi ma dai gishirin bai ji ba, langar kuwa na ƙi mayarwa. A raina na ce mai ita ta zo ta ɗauka da kanta.

Da wannan na kwanta.

Sai ga ni tsaye a bakin titi a wani gari mai kama da namu, sai dai an jera gidajen da bayansu a gaba. Ruwa ake yi, amma daga ƙasa yake tashi yana tafiya sama, don haka kowa ya kifa lemarsa ya shiga ciki ya tsaya. Ni ban zo da lema ba. Wata mai ƙosai ta ara min faranti na taka. Ta ce in yi sauri, Manaja na jirana tun gobe.

Na shiga wani dogon bene. A saman tebur akwai fanka, a bayan tebur akwai akuyata Kyalla, da tabarau a hanci da biro a kunne. Na ce, "Kyalla, wa ya kwance ki?"

Ta ce, "Goggo, nan ofis ne, ba tsakar gida ba. Manaja za ki ce."

Na ce, "To, Manaja, ina wuni?"

"Lafiya lau. Zauna."

Babu kujera, sai na zauna a kan wurin da ya kamata a ce akwai ta, kuma ta ɗauke ni.

A bayanta an ɗaura igiya daga bango zuwa bango, an rataye dammunan harawa kore shar. Ta nuna su da ƙaho. Ta ce waɗannan su ne sauran kashi-kashin Masu Bin Sawu da ba a riga an nuna ba, na uku ne na farko a layi. Ta ce rahoto ya iso mata cewa na ce shirin lami ne.

Na ce, "A waya na faɗa, ni da jikata."

Ta ce, "Duk abin da aka faɗa a waya ta nan yake bi. Ki je ki duba da idonki. In magariba ta yi ba ki canza magana ba, zan cinye su duka, a naɗe ofishin, Delu ta koma jirgi." Ta lashi baki. "Ni ko yanzu kika ce, a shirye nake."

Ban ɓoye muku ba, raina ya yi fari. Na ce ashe abin da sauƙi.

Sai ga ni a ofishin Delu. Duhu kamar cikin rumbu. Na lalubi bango na kunna wuta, sai wani dogo mai baƙar riga ya yi tsalle ya kashe. Shi ne wanda nake ce wa Mai Tocila, don ban taɓa ganinsa ba ita ba.

Ya ce, "Hajiya, in aka kunna wuta ba ma ganin komai."

Na ce, "Salamu alaikum dai tukuna."

Ya haska ni da tocila daga kai zuwa ƙafa, ya juya ya ce wa duhun, "Ta yi magana. Ina jin saƙo ne."

Delu ta fito. Ita ce, da gajeren gashinta da baƙin mai a kumatu. Ta buɗe baki ta rufe, ta gama motsa leɓe tsaf, sannan maganar ta iso daga baya, da muryar Bakanen nan da ke sa musu baki. Duk mutanen ofishin da muryarsa suke magana, sai ya ɗan siranta ta in mace ce.

"Goggo! Ke ce mai kallonmu a Azare. Muna ganinki ta gilashi, ke da yarinyar nan mai cin gyaɗa. Ina take?"

Na ce ta tafi aiki.

"Ayya. Shi ya sa tabarmar ta yi faɗi."

Na ce, "Delu, kin rame. Me kuke ci a nan?"

Ta ce ba a rubuta musu cin abinci ba tukuna, wataƙila sai kashi na biyar. A ƙarƙashin teburinta na hangi jakar bakko a cike, an zuge ta, an ɗora takalma a kai. Ta ga na gani. Ta tura ta ciki da ƙafa.

Akwai na uku a cikinsu, Malam Shuɗi. Shi ba ɗan duniyar nan ba ne, aiki ya kawo shi. Launinsa kamar an tsamo shi daga marina, kuma kunnuwansa a gwiwa suke, don haka duk mai son magana da shi sai ya durƙusa. Shi kaɗai ake gaisarwa yadda ya kamata a ofishin nan. Na durƙusa na tambaye shi gida da iyali. Ya ce suna lafiya shekaru masu zuwa, na baya ne bai samu labari ba.

Waya ta yi cara kamar zakara. Delu ta ɗauka ta saurara da hanci. Ta ce, "Wani abu ya sauka a filin idi. Mu je!"

Suka zuba da gudu, ni ma na tattare zane. Ashe a garin nan mutum ba ya zuwa ko'ina, a wuri ɗaya ake gudun, garin ne ke wucewa. Kasuwa ta wuce mu, tasha ta wuce, gidan mai unguwa ya wuce yana haki. Na gaji na tsaya, na ga ba a bar ni a baya ba, sai na zauna ina kallonsu. Na ce wa Mai Tocila, "Ɗan nan, ko ka tsaya za a iso." Ya ce ya sani, amma kiɗan ne ke sa shi.

Filin idi ya iso ya tsaya a gabanmu.

A tsakiyarsa wani abu ya sauka, fari, da'ira, girmansa ya kai ɗakin kara, da murfi a kai da jan furanni a jiki. An ɗaure shi da ɗankwali, an ƙulla a sama. Ciyawar da ke kewaye ta kwanta don ɗumi.

Mai Tocila ya zagaya shi yana haskawa, da rana tsaka. Ya ce makami ne. Delu ta manna masa wata na'ura mai ƙara, na'urar ta yi atishawa ta mutu. Malam Shuɗi yana can baya yana ɗaure takalmi, bai iso ba tukuna, don shi in ya sunkuya sai hayaniyar duniya duk ta cika masa kunne.

Ni kuwa hancina ya riga ya gaya min. Na ce, "Ku kwance ɗankwalin nan, langa ce, abinci ne a ciki."

Suka kwance, suka tura murfin da kafaɗa. Tururi ya tashi. Tuwo ne a ciki, mulmule-mulmule, kowanne kamar tulu, yana ɗan haske kamar farin wata. Miyar a gefe, launinta ban taɓa ganin irinsa ba, tsakanin kore ne da ranar Talata.

Delu ta ce, "Kar kowa ya taɓa, sai an gwada."

Na ce ai gwajin ke nan. Na tara hannu a ruwan da ke tashi daga ƙasa na wanke, na yi bisimilla, na gutsura na kai baki. Tuwon ya tuƙu, ba laifi. Miyar ta dahu. Mai Tocila ya matso ya kafa min tocila a baki.

"Hajiya, mene ne sakamako?"

Na ce, "Ba gishiri."

Kun san a garin nan komai sama yake tafiya. Maganar tana fita daga bakina na gan ta, 'yar ƙarama, baƙa, kamar tsako. Ta bi ruwan sama ta haye. Na kai hannu in cafko ta, ta wuce.

Akwai wani tauraro a saitin kanmu, da rana ake ganinsa, sabo fil, yana ƙyalli kamar kwanon da ba a taɓa ɗora wa wuta ba. Maganar ta isa can. Sai ya yi ƙif-ƙif, ya dushe, kamar fitilar da mai ya ƙare mata.

Nan Malam Shuɗi ya iso. Ya dubi langar, ya dubi sama, ya dafa kai. Muka durƙusa gaba ɗaya don ya ji mu, muka ce lafiya?

Ya ce, "Wa ya yi magana?"

Aka nuna ni.

Ya ce tauraron can wata yarinya ce ta kunna shi kwanan nan. Daga duniyar uwarta ta fito, ta ce za ta gwada zaman kanta. Wannan girkinta ne na farko, ta rarraba wa maƙwabta, mu ne maƙwabtan kudu. Ya ce tun safe take leƙowa ta taga tana jiran ta ji me za a ce.

Jama'a, kunya ta rufe ni. Ni da na ci girkin farko na amaren unguwarmu kaf, mai ƙauri da ɗanye da wanda ko kare zai yi tunani kafin ya ci, ban taɓa cewa komai ba sai "Allah ya yi albarka, hannunki da kyau." Kowa ya san girkin farko ba a sa shi a sikeli. Cinyewa ake yi tas, a wanke kwano, a saka wani abu a ciki a mayar. Ni ma da na yi nawa tuwon na farko, gudaji ne a ciki kamar tsakuwa, surukata ta cinye ba ta ko yi tari ba, ta maido min da kwanon cike da daddawa. Yau ga ni a filin idi na buɗe baki a gaban tocila.

Na ce, "A kira min maganar nan ta dawo."

Delu ta ce ofishinsu abin da ya faɗo suke bi, abin da ya hau ba huruminsu ba ne.

Rana ta fara sauka. Wani tsoho ne ke sauke ta da igiya daga bayan masallaci, a hankali, kamar mai zura guga. A gefen fili sai ga Kyalla da teburinta da fankarta da igiyar harawarta, duk sun taho tare. Ta ciro damin kashi na uku ta ajiye a gabanta. Ta cire tabarau ta ninke.

Sai wani tsani ya sauko daga tauraron, yarinya ta biyo shi. Doguwa ce, kalar toka, hannunta huɗu. Biyu sun riƙe jakar bakko a ka, ɗaya yana share hawaye, ɗaya ya manta bai ajiye muciya ba. Ta iso ta durƙusa har ƙasa. Da ta buɗe baki ba muryar Bakanen nan ce ta fito ba. Muryar da na sani ce, wadda ta koyi magana a ɗakina.

"Ina wuni, Goggo."

"Lafiya lau, 'yar nan. Ya baƙunta?"

"Ta ƙare. Langata na zo ɗauka, zan wuce gida."

Abin da na roƙa ke nan fa. Mai langa ta zo da ƙafarta. Amma da na ga yadda ta sunkuyar da kai tana murza bakin muciya, sai murnar ta ƙi zuwa.

Na ce, "Tauraron fa?"

Ta ce, "Zai mutu da kansa. Ai ma ban iya ba. A gidanmu gishiri a ƙasa yake, duniyar gaba ɗaya gishiri ce, tukunya ke ɗauka da kanta. Ban san a wani wuri sai an zuba ba."

Mai Tocila ya ce, "Wannan muhimmin bayani ne." Ba wanda ya kula shi.

Sai inuwa ta rufe mu. Na ɗaga kai, ga tsohon jirgin Ayarin Taurari ya tsaya a kan bishiyar maina, ƙofa a buɗe. Ina hango ciki. Wuta a kunne, kowa na nan, ana dariya ana shan shayi. Tabarmata ma tana ciki a shimfiɗe, da kwanon gyaɗa, da filo biyu. Delu ta tsaya kusa da ni da tata jakar a hannu, ban ga lokacin da ta ɗauko ba. Leɓenta ya motsa ya gama, muka jira, maganar ta iso.

"Goggo, in kin ce in koma, zan koma. Ba komai. Har yanzu ba a ba wani gadona ba."

Na ce, "Ke kina so?"

Wannan karon leɓen bai motsa ba, amma Bakanen ya yi ajiyar zuciya.

Na dubi tabarmar nan da filo biyu. Wallahi na dube ta, ba kallo ɗaya ba. Kalma ɗaya ce tsakanina da ita. Kyalla ta riga ta sa bakin damin a baki, tana kallona ta gefen ido. Tsohon can ya ƙara sassauta igiya, rana ta taɓa katangar masallaci.

Na ce wa yarinyar, "Ajiye kayan nan."

Ta ce, "Goggo, langata."

"Wa ya gaya miki ana ɗaukar langa da abinci a ciki? Ba mu gama ci ba. Ɗanɗana ɗaya na yi, bakina ne da ɗacin goro. Koma gefe ki zauna." Na juya ga sauran. "Ku kuma ku wanke hannu."

Delu ta ce, "Ba a rubuta mana ba."

Na ce, "Na rubuta. Mai Tocila, ajiye abin nan, da hannun dama ake ci."

Ya ce bai taɓa ajiye ta ba, bai san abin da zai faru ba. Na karɓe ta na soke a ƙugu. Ba abin da ya faru, sai dai an ga yana da ido masu kyau.

Muka kewaye langa muka zauna. Tuwo kamar tulu, mutum huɗu, miya ba gishiri. Muka ci. Malam Shuɗi ta gwiwar hannu yake ci, kuma ya fi kowa sauri. Delu ta yi loma ta farko ta tsaya, ta ce ashe haka ake ji, ta ƙara. Muka kira mai ƙosai ta zo, kasuwa ta dawo da baya ta zauna, gidan mai unguwa ma ya matso aka miƙa masa ta taga. Ni dai ina ci ina cewa, "Kai, wannan tuƙi! Wa ya koya miki?" da ƙarfi, don maganar ta yi nauyin hawa. Ina ganinsu suna tashi ɗaya bayan ɗaya, farare, kamar balbela. Yarinyar ta ɗago kai kaɗan.

Ta ce, "Goggo, kin ce fa ba gishiri."

Na ce, "Ni? A ina? Kawo shaida."

Mai Tocila ya buɗe baki, Delu ta tura masa loma.

Na roƙi tsohon mai igiya ya ɗan riƙe ranar. Ya ce hannunsa ya gaji, amma saboda ni zai naɗe ta a ƙafa. Muka sauke loma ta ƙarshe. Na shiga cikin langar da kaina na suɗe ta, na wanke da ruwan da ke tashi, ta yi ƙal.

Yarinyar ta miƙo hannu biyu za ta ɗauka. Na buge su.

"Haka za ki tafi da ita fayau? A garinku haka ake yi?"

Na kwance bakin zanena. Ban san na taho da kaya ba, amma a mafarki bakin zane ba ya ƙarewa. Na fara ciro ƙullin gishiri, na juya baya don kar ta gani, na sa shi can ƙasa. Na zuba kuka a kai, na jera daddawa, na sa kuɓewa busasshiya da barkono. Kayan ba su ko rufe gindin langar ba. Na sake lalubawa, sai hannuna ya taɓo wani abu mai laushi. Na jawo. Asabar ce bayan la'asar, tawa, a ninke kamar atamfa, da ƙanshin gyaɗa a jikinta. Na warware ta na duba. Duk shekarun nan ba ta koɗe ba.

Delu ta ce, "Goggo, wannan ai taki ce."

Na ce, "Tana da faɗi." Na kama tsakiya na yage ta biyu, kyat, na ninke rabi na sa a langar. Nan take ta cika har murfi na ƙin rufuwa. Ɗaya rabin na mayar bakin zane.

Yarinyar ta rungume ni da hannu huɗu, muciyar ta buge ni a ƙeya. Ta ce, "In na yi na biyu in aiko?"

Na ce, "In ba ki aiko ba zan hau tsanin nan in zo in ci a tukunya."

Ta yi dariya irin mai fitar da majina. Can sama tauraron ya yi ƙif-ƙif ya kama, har ya fi ɗazu. Jirgin Ayarin Taurari ya ga ba mai hawa, ya yi ham sau biyu, mutanen ciki suka ɗaga wa Delu hannu, ya wuce da tabarmar.

Kyalla ta yi gyaran murya da harawa a baki. "Goggo, magariba. Mene ne hukunci?"

Delu ta ajiye jaka ta tsaya tana kallon ƙasa, kamar 'yar makaranta.

Na ce, "Manaja, ba a yanke wa girkin farko hukunci. Duhu dai ya yi yawa, kuma ku riƙa sallama in za ku shiga gidan mutane, ko da daga wata duniya suka zo. Amma yarinyar nan hannunta da kyau. Ajiye harawar nan."

Kyalla ta tofar da damin da ƙyar. Ta riga ta cinye gefe ɗaya. Ta ce kar in yi mamaki in aka ɗauke wuta a tsakiyar kashi na uku, wurin ne ta gutsura.

Mai Tocila ya matso, ya rusuna, ya ce, "Salamu alaikum. A ba ni tocilata."

Yarinyar ta shige langar ta zauna a kan kuka, ta jawo murfi. Langar ta fara juyi, ta tashi, murfin na kaɗawa, ƙwal, ƙwal, ƙwal-ƙwal-ƙwal, yana ƙara sauri yana ƙara ƙarfi, har na toshe kunne.

Na buɗe ido. Gari ya waye. Murfin langa ne ke juyi a kan siminti a tsakiyar ɗakina, Kyalla kuwa ta tsinke igiya ta shigo, ƙafafunta biyu a kan teburin talabijin, tana lasar inda dambu ya taɓa.

Na ce, "Manaja, fita."

Ta fita. Na ɗauki langar na duba, ba ta lotsa ba. Direban Gombe da hantsi yake lodi. Kuka akwai, daddawa akwai. Waya kuwa yanzu zan kira Hindatu in ce a bar zancen ƙarshen wata, ranar Asabar akwai kashi na uku, kuma kowa ya tanadi tocila don za a ɗauke wuta. Gishirin a ƙasa zan sa, inda ba za ta gani ba sai kukar ta kusa ƙarewa.